Jar Akuyar Inna Kaltuma

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an kwashe faranti, jikata Suhaila ta matso kusa da ni da wayarta. "Sitti, shufi," ta ce, "ga irin aikinki." Na gyara tabarau na duba. Wasu mutane ne cikin manyan riguna a kan duwatsu masu ƙanƙara, sun kama wata irin saniya mai gashi har ƙasa, wai can wajen ƙasar Sin ake kiwon su. Ɗaya ya buɗa gashin gadon bayanta, ya sa manyan yatsunsa ya matsa, sai ga tsutsa ta faɗo, fara sol, mai kaurin ƙwallon dabino. Sauran yaran suka taru a kaina suna ihu, suna a sake sa musu. Suhaila ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Wannan ai sahal ne, Sitti, ba wuya. Matsewa kawai, halas."

Ban yi musu da ita ba, don a hoton haka abin yake. Amma na ga abin da su ba su gani ba. Mutumin nan sai da hannunsa ya bi ta kan kumburi da yawa, ya tsallake su, kafin ya tsaya a kan wanda ya matsa. Wannan tsallakewar ita ce sana'ar. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda na koye ta, da wadda ta koya mini, tun ina iya tunawa.

Ni ba 'yar makiyaya ba ce. Na gama sakandare a Gusau aka kawo ni Jidda gidan mijina, shi yana ɗinki, ni ina girki da reno. A Karantina muka zauna, gida ɗaya da yayar mahaifinsa, Gwaggo Hansai. Ku da kuka taso a bene hawa na uku ba za ku gane unguwar ba, yanzu ma an rushe ta babu abin da zan nuna muku. Lunguna ne matsattsu, kowane gida da ɗan tsakar gidansa da muke kira hoshi, kuma da wuya ka shiga hoshi ba ka ji kukan akuya ba. Mata ke kiwon. Maza sun fita tun asuba, namiji baƙo ba ya shiga gida babu mai gida, wasu matan kuma ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, ba sa son fita bakin titi da akuya a igiya. Don haka idan dabba ta kwanta, mace ake nema. Gwaggo ta taso cikin awaki a wani ƙauye arewa da Ƙauran Namoda, ita ake aiko wa. Ba ta taɓa kirana da sunana ba. Tun ranar da ta ga ina karanta takardar da ke cikin kwalin magani ta sa mini 'Yar Boko, kuma tun ranar ta roƙi maigidana ya bar ni in riƙa raka ta tsakanin azahar da la'asar, idan na sauke tukunya.

Akuyar farko da na taɓa, baƙa ce, ta wata Bayamaniya mai sayar da gurasa. Gwaggo ta ɗaure ta gajere a jikin ƙofa, ta shafa wuyanta ta ce, "Sannu baiwar Allah," haka take gaida kowace dabba. Sannan ta kama hannuna ta ɗora a kafaɗar akuyar.

"Rufe idonki."

"Gwaggo, to da me zan gani?"

"Idonki gashi kawai zai nuna miki. Ja tafinki zuwa wutsiya, a hankali, kamar kina neman tsakuwa a shinkafa."

Na ja. A ƙarƙashin gashin nan mai santsi sai na ji gudaji, wani kamar wake, wani kamar goro. Ta sa almakashi ta rage gashin da ke kan babban, ta ce in buɗe ido in matso. A tsakiyar kumburin akwai 'yar huda, cikinta wani baƙin ɗigo yana motsi, yana leƙowa yana komawa. Ta ce numfashi take yi. Wanda hudarsa ta buɗe, baƙin ya fito sosai, gefensa ya yi laushi, shi ne ya nuna. Wanda yake da tauri, hudarsa kamar bakin allura ko ma babu, ɗanye ne, ba a taɓa shi. Idan ka matsa ɗanye, tsutsar ba ta da hanyar fita, sai ta fashe a ciki, ruwanta kuwa dafi ne ga jikin dabba. A wannan akuyar kumburi ya fi a ƙirga da yatsu, amma Gwaggo ƙalilan ta cire ta wanke hannu. Bayamaniyar ta ɓata rai, tana gani an yi mata rabin aiki. Gwaggo ta ce mata da Larabcinta na kasuwa, za mu dawo mako mai zuwa, da na bayansa, har sai sun ƙare.

Larabawa nagaf suke ce wa tsutsar, mu kuwa tsutsar baya. Ba a Jidda awaki ke ɗauko ta ba. Can kan duwatsun Ɗa'if da kudancinsu akwai wani ƙuda da ke manna ƙwansa a gashin ƙafar akuya idan ciyawa ta fito. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta huda fata ta shige, ta yi watanni tana tafiya a ƙarƙashin fata ba wanda ya sani. Sai a sauko da akuyar kasuwar dabbobi, sumul, mace ta saya ta kawo gida tana murna. Sanyi na shigowa bayan ya fara tsiro. Akuya ta rame, nono ya ragu, fatar kuma idan an yanka duk huda ce, majemi ko kallonta ba ya yi. In aka bar tsutsar ta gama girma, da kanta take faɗowa ta nutse a ƙasa, ta fito ƙuda. Wasu na cewa zafin Jidda ba ya barinta ta rayu. Gwaggo ta ce ita dai ba a hoshin da ta shiga za a gwada ba.

Kayan aikinmu duk a cikin wata tsohuwar jakar shinkafa suke. Almakashi ƙarami, matsefata, auduga, gishiri, aidin, da kwalbar gaɗaran, wani baƙin mai ne mai warin hayaƙi da Badawiyyai ke shafa wa raƙuma, ƙuda ba ya son sa. Akwai 'yar kwalbar lemo babu komai a ciki. Idan kumburi ya nuna amma yana wurin da yatsa ba ya samun kamu, sai Gwaggo ta kifa bakin kwalbar a kansa, hudar na tsakiya, ta danna sau ɗaya da nauyin kafaɗarta, ka ji tsutsar ta faɗa ciki, ɗungum, ba ta fashe ba. Na yi shekaru kafin ta bar ni in riƙe kwalbar nan. Sai kuma gwangwanin tumatir da kananzir a ciki, wanda shi ne aikina na farko. Duk wadda aka cire, ciki take shiga. Da farko nakan kau da kai idan zan jefa, ina jin ita ma rai ce. Gwaggo ta ce, "'Yar Boko, tausayinki mai kyau ne, amma ki ajiye wa akuya shi." Bayan an cire a wanke ramin da ruwan gishiri mai ɗumi, a ɗiga aidin, a zagaye bakin da gaɗaran, don ƙudan Jidda na gari ba ya ganin rauni ya wuce.

Masu kiranmu iri-iri ne. Akwai matan da ke sayar da nono kofi-kofi, su ne suka fi damuwa kuma su suka fi biyayya. Akwai wani mahauci ɗan Maraɗi da ke tsayar da mu a bakin lungu, fata yake tausaya wa ba akuya ba. Akwai masu zuwa ana gobe suna ko ana jibi Sallah, suna so a share bayan dabba a rana ɗaya don kada baƙi su gani. Waɗannan Gwaggo kan ce musu, "Ba ni na shuka ba, ba ni zan ce ta nuna ba." Akwai allura, kuma Gwaggo ba ta gaba da ita. Likitan dabbobi, wani Basudane mai shago kusa da kasuwar, mutuminta ne. Idan bunsuru ne ko akuyar da ba a tatsa, ita da kanta take cewa a kai masa, allura ɗaya ta kashe duk abin da ke ciki tun bai fito ba. Shi ma idan aka kai masa mai nono yakan ce a nemi Hajja Hansai tukuna. Dalili kuwa, maganin yana sauka cikin nono, ya daɗe bai fita ba. Hannu na jinkiri, amma ana cirewa da rana a sha nono da yamma.

Shekarar da ba na mantawa, an yi ruwa sosai a duwatsu, ciyawa ta yi kyau, awaki suka sauko da araha, kowa ya saya. Da sanyi ya shigo kusan duk hoshin da muka shiga sai mu tarar da baya kamar an zuba tsakuwa a ƙarƙashin tabarma. Muka daina komawa gida da la'asar, a gidan mutane muke salla. Yatsun Gwaggo suka tsattsage da gishiri da kananzir. Mata da yawa suka gaji da jira suka sa aka yi allura, wasu suka daina tatsa, wasu kuma, Allah ya yafe mana, suka ci gaba da sayar da nonon ba su faɗa ba.

A cikin wannan hali aka aiko daga gidan Inna Kaltuma. 'Yar Chadi ce, sa'ar Gwaggo, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a ɗaki ɗaya a ƙarshen lungunmu da jikarta Amani. Uwar yarinyar ta rasu tun ba ta fara rarrafe ba. An gwada mata madarar gwangwani iri-iri, duk wadda ta sha sai amai da gudawa. Da aka gwada nonon akuya dafaffe, sai cikinta ya karɓa, a asibiti ma suka ce a ci gaba da shi tare da kunu. Inna Kaltuma ta sayar da abin da take da shi ta sayi jar akuya mai sabuwar haihuwa, ba tare da ɗanta ba. A lokacin da nake ba ku labari Amani ta fara kama bango tana tsayuwa, kuma duk naman da ke jikinta daga hantsar akuyar nan ya fito.

Mun tarar da akuyar a kwance, kai a ƙasa, ba ta tuƙa. Bayanta ya kumbura ya yi zafi kamar murfin tukunya, wasu wuraren na tsiyayar mugunya. Gwaggo ta durƙusa ta duba, ba ta ko buɗe jaka ba.

"Wa ya taɓa ta?"

Inna Kaltuma ta sunkuyar da kai. "Na ga yadda kike yi a maƙwabta, Hansai. Na ce gidaje sun yi miki yawa, kada in ƙara miki wahala."

"To ga shi kin hutar da ni," in ji Gwaggo. Ta juyo wurina. "Je ki ce wa maigidanki ya rufe shago ya ɗauko likita. Wannan ta fi ƙarfin gishiri."

Ashe ɗanyu Inna Kaltuma ta bi ta matse, duk wanda hannunta ya samu, suka farfashe a ciki. Likita ya zo, ya gaida Gwaggo, ya duba, ya ce sai allura biyu, ɗaya ta zazzaɓi da mugunya, ɗaya ta kashe sauran tsutsar, don jikin ba zai iya ɗaukar su har su nuna ba. Ya yi. Sannan ya ce wa Inna Kaltuma, nonon nan haramun ne ga yarinya sai bayan wata guda da 'yan kwanaki. Amma kada ta daina tatsa. Ta tatse safe da yamma ta zubar, in ba haka ba hantsar za ta kafe, kuma in ta kafe sai akuyar ta sake ɗaukar ciki ta haihu, wata da watanni ke nan.

Bayan kwana biyu na koma ni kaɗai in wanke raunukan. Akuyar ta miƙe, ta fara tsintar ganyen barsim, ciyawar da ake saya wa dabbobi a can, amma tana tafiya tana buɗa ƙafafun baya. Na taɓa hantsar na ji ta cika ta yi tauri. Amani na kwance a tabarma, an koma ba ta madarar gwangwani, idanunta sun faɗa, ɗakin duk warin amai.

"Inna, ba ki tatse ta ba?"

"Na tatsa jiya." Ta nuna mini wata tukunya a rufe. "Na ɗauka zan kai kwata, hannuna ya ƙi. 'Yata, nono ne fa. Tun ina yarinya ko ɗigo ya zuba a ƙasa sai uwata ta sa mun shafe da hannu mun nemi gafara. Yau in ɗauki kwano guda in zuba inda ake fitsari, marainiya na kuka da yunwa a gabana? Da wane ido zan tsaya a gaban Ubangiji? Na ce gara ya zauna a jikinta." Ta rage murya. "Ke da kika yi karatu, in na tafasa shi sau uku, maganin ba ya mutuwa?"

Kwalbar da likita ya bari tana kan taga. Na karanta takardar daga sama har ƙasa ko zan samo mata wata ƙofa, ban samu ba. Na ce mata wuta ba ta kashe shi. Ta ce to, ta ji, ba za ta ba yarinya ba. Amma zubarwa kam, ba za ta iya ba.

Na zaci Gwaggo za ta je ta yi mata faɗa. Da na gaya mata sai ta ce, "Kaltuma ba ta yi ƙarya ba. Ni ma ban taɓa zubar da nono ba." Na ce to a sayo wa yarinyar na waje. Ta ce bana ba ta yarda da kofin kowa ba, ta san gidajen da aka yi allura ana sayarwa. Ta zauna tana murza man kaɗanya a yatsunta har aka kira la'asar. Muna sallamewa ta ɗauki abayarta ta ce in biyo ta gidan Ummu Faisal.

Ummu Faisal haifaffiyar Jidda ce, kakanninta ne suka zo aikin hajji daga Kano suka zauna. Tana da wata farar akuya Shamiyya mai dogayen kunnuwa, wadda a hoshinta aka haife ta, ba ta taɓa ganin dutse ba, bayanta fes. Akuyar ta haifi tagwaye, sun yi wayo sun fara cin ganye, amma su ke shanye nonon uwar duka. Gwaggo ta zayyana mata abin da take so: a kai tagwayen su riƙa shan jar akuya, nonon farar kuma a tatsa wa Amani. Babu abin da zai zuba a ƙasa, hantsar ja ba za ta kafe ba, yarinya ta samu mai tsabta.

Ummu Faisal, wadda Khala take ce wa Gwaggo, wato inna, ta dafa ƙirji. "Ya Khala! In kai 'ya'yana wurin mai tsutsa? La, wallahi. Kin san daga ina aka kawo ubansu?"

"Ko daga Sham aka kawo shi a jirgi, 'ya'yansa baki gare su. Tsutsar nan ba ta bin nono, ba ta bin gogayya. Ƙuda ne ke kawo ta, ƙudan kuma yana Ɗa'if."

"To maganin fa? Abin da zai cuci 'yar mutum ba zai cuci ɗan akuya ba?"

"Wannan tambaya ce," in ji Gwaggo. "Ba ni da amsarta. Sai mun ji daga likita."

Maigidana ya sake rufe shago ya je tambaya. Likita ya tambayi girman tagwayen, aka kwatanta masa, ya ce ba abin da zai same su, irin maganin da ake yi wa awaki ne da ma. Wai har dariya ya yi, ya ce a gaida Hajja. Da aka kawo wa Ummu Faisal amsa sai ta yafa mayafi ta je ta leƙa ɗakin Inna Kaltuma. Ta daɗe a tsaye a kan yarinyar. Da ta fito ta ce, "Yalla, ku ɗauke su. Bas in sun rame, ya Khala, ke da ni ne."

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Jar akuya na ganin tagwayen ta sunkuyar da ƙaho ta watsar da ɗaya har jikin bango. Akuya da hanci take sanin ɗanta. Gwaggo ta sa na matse wuyanta tsakanin gwiwoyina, ta tatsi nonon a tafinta ta shafe kan tagwayen da gindin wutsiyarsu, ta barbaɗa musu ɗan gishiri a baya don ta lasa. Duk da haka kwanakin farko sai an riƙe ta, ƙafa ɗaya a ɗage, tana harbi tana kuka, su kuma suna ja kamar ba su taɓa cin abinci ba. Cinyoyina duk suka yi shati. Hantsar ta sauka, ta yi laushi.

Can kuma farar ta ƙi ba da nono. Babu 'ya'yanta a gabanta, sai ta ɗauke shi, a yi ta ja ba ko ɗigo. Dole kullum safe da yamma in ɗauko ɗaya daga cikin tagwayen in kai mata ta shinshina, ya taɓa hantsar da baki, nono na sauka a janye shi a sa kwano. Haka na riƙa ratsa lungu da ɗan akuya a ƙarƙashin abaya, yana kuka, mata na leƙowa ta ƙofa suna ce mini barka da haihuwa, yaushe ne suna. Idan an bar su wurin uwarsu su ɗan huta, sai su sace nonon. Gwaggo ta yanka tsohon zane ta ɗinka wa farar jaka mai igiya da ake ɗaurawa ta baya. Ummu Faisal ta ce tun da take ba ta taɓa ganin akuya da rigar mama ba, kuma ɗinkin ya fi nata kyau.

Nonon kuwa ni nake kai shi da ɗuminsa, Inna Kaltuma ta dafa ta tace. Amai ya tsaya tun a makon farko. Yarinyar ta koma kama bango. Ummu Faisal ta fara zuwa da kanta, wai ta zo duba 'ya'yanta, sai ka gan ta da Amani a cinya tana ce mata, "Ke yanzu 'yar'uwar tagwayena ce, kin sha na uwarsu. Babu aure tsakaninku, kin ji?" Inna Kaltuma ta ce, "Astagfirullah, Ummu Faisal," tana rufe baki da gefen mayafi.

Ba mu bar bayan jar ba. Kullum Gwaggo sai ta matse mugunyar da ta taru, ta wanke, ta zagaye da gaɗaran. Sau ɗaya ƙudan gari ya riga mu, muka tarar da ƙananan tsutsotsi a rauni guda, ta zauna da matsefata ta tsince su ɗaya bayan ɗaya har hasken rana ya bar hoshin. Sauran kumburin da allura ta kashe suka riƙa lotsawa da kansu. Wata rana da safe na shigo da shirin kokawa, sai na tarar akuyar a tsaye ba igiya, tana tuƙa, tagwayen sun durƙusa a ƙarƙashinta, tana lasar wutsiyar ɗaya. Amma daga nan sai wata damuwar ta taso. Tunda su ke shanyewa, ba wanda ya san ko nawa ne a hantsar. Akuyar ta sha ciwo, ta rame, tagwayen kuma sun fi karkata ga barsim. Ummu Faisal ma ta gaya mana farar ta fara ragewa, lokacin yayenta ya yi. Idan ja ba ta riƙe ba, babu inda za a juya.

Da wa'adin ya cika ban yarda da ƙwaƙwalwata ba, sai da maigidana ya sake tambayo likita, ya ce an gama, a sha. Gwaggo ta ƙara kwana biyu a kai don hankalinta ya kwanta. Ta sa aka raba tagwayen da akuyar tun la'asar, aka mayar da su gidansu. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa aljanna ce makomarta, ba ta ga rushewar Karantina ba. Duk shekarun da na yi ina bin ta ban taɓa ganin ta fita aiki ba jaka sai safiyar da ta biyo baya.

Muka taru a hoshin, har da Ummu Faisal. Gwaggo ta wanke hantsar da ruwan ɗumi, ta ja da baya ta ce, "Kaltuma, akuyarki ce." Inna Kaltuma ta shiga ɗaki ta fito da ɗan finjalin gahawa, wanda bai wuce kurɓi biyu ba.

"Wannan fa?" in ji Ummu Faisal. "Turare za ki tatsa?"

"Abin da Allah ya bayar," ta ce. "Ba na so in kawo babba ya ji kunya."

Ta tsuguna, ta yi bisimilla, ta ja. Kafin ta gyara zama finjalin ya cika, kumfa ta hau baki, nonon na bin yatsunta. Ta tara ɗaya hannun a ƙasa tana ƙwala mini kira, "'Yata, kwano! Yi sauri, zai zuba!" Na ruga na ɗauko na silba, muka tara, ta yi ta ja har ya wuce rabi.

Aka dafa, aka tace, aka fifita ya huce. Amani ta kurɓa sau ɗaya, ta tsaya, ta yamutsa fuska, don bakinta ya saba da na farar. Ta dubi kofin, ta dubi kakarta, sannan ta kama shi da hannu biyu ta kafa kai, ba ta ɗago ba sai da ya ƙare. Ta miƙo shi tana buga ƙafa.

Inna Kaltuma ta dubi Gwaggo, kamar mai neman izini.

"Me kike kallona?" in ji Gwaggo. "Ƙara mata. Yau na gidansu ne."